Gardamar Igiyar Rijiya

Aiki ne ya kai mu Bodinga, ni da maigidana. Ni ina koyarwa a makarantar firamare, shi kuma malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin ƙauyukan Bodinga da na Shagari yana duba lambuna. Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa a garin. Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, in rana ta take sai kowa ya mai da takardar waƙa mafici. Yawancinmu baƙi ne da aiki ya kawo, 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta. Kowa da irin ikilisiyar da ya taso a ciki, amma ƙarancinmu ya sa muka haɗu wuri ɗaya a hannun wani tsoho mai sanyin hali da kowa ke kira Baba Fasto.

Inda maigidana ya taso, an koya musu cewa tun kafin a halicci duniya Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai ceta, mutum kuma ba ya ƙara ko ƙwayar gero a kan wannan zaɓi. Inda na taso, an koya mana cewa ƙofar ceto a buɗe take ga kowa, amma da ƙafarka za ka shiga, in ka ga dama kuma ka juya baya. Na san nasa, ya san nawa. Muka yi aure, muka haifi yara biyu, maganar ba ta taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Wata rana da rani, lokacin da albasa ta fara yin kai, ya tafi Dandin Mahe duba lambun wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane. Maigidana yana da wata ɗabi'a. In yana bayani, da baya da baya yake tafiya, wai don ya riƙa ganin fuskar masu sauraro. A gida ya sha taka kaji da kwanuka. Ranar nan yana cikin yi musu bayanin tazarar da ya kamata a bari tsakanin shuka da shuka, yana ja da baya yana nuni da hannu, sai suka ga babu malamin gona. Rijiyar ban ruwa ce, irin wadda ake haƙawa a tsakiyar lambu, ba gini a bakinta. Ba ta da zurfi ƙwarai. Ruwan ya tsaya masa a ƙirji, laka ta riƙe masa ƙafafu.

Da yamma ya dawo gida sanye da babbar rigar aro da ta kai masa idon sawu, da buhun albasa na ban haƙuri ɗaure a bayan babur. Ba abin da ya same shi sai tafukan hannunsa da suka saɓule. Na shafa masa man kaɗanya, na yi dariya har ya ji haushi, na gode wa Allah. A wurina magana ta ƙare ke nan.

Ran Lahadi, da aka zo lokacin ba da shaida, sai na ga ya miƙe ya fita gaba. Ya ba da labarin faɗawarsa, mutane suna ta ƙunshe dariya. Sa'an nan ya ɗaga hannuwa sama, ya sassauta murya.

"'Yan'uwa, a cikin ramin nan na gane yadda ceto yake. Ba ni da ƙarfi, ba ni da dabara, ban ɗaga ko ɗan yatsa ba. Sai kawai na ji ana jawo ni sama. Haka Ubangiji yake yi da mai zunubi."

Jama'a suka ce amin. Ni ma na buɗe baki zan faɗa, sai idona ya sauka kan tafukan nan biyu suna ƙyalli da man kaɗanyata. Na fasa faɗin amin ɗin.

A hanyarmu ta komawa gida na yi masa tambayar a hankali.

"Baban yara, in ba ka ɗaga ko yatsa ba, me ya saɓule maka hannu?"

Ya ce bangon rijiya ne. Na ce ban taɓa ganin bangon rijiya da ke zana wa mutum layi miƙaƙƙe daidai kaurin igiya ba. Ya ce shi dai bai tuna ya kama komai ba, in ma ya kama, to ba shi ya yi niyya ba, Allah ne ya rufe masa yatsu. Na ce to yatsun wane ne aka rufe? Ya ce yunwa yake ji.

Da nan abin ya tsaya da ba wanda zai ji. Amma a bayanmu akwai wata ungozoma da ke aiki a asibitin gari, ita ce shugabar zumuntar mata, muna ce mata Nas. Mace ce da ba ta iya jin magana ta bar ta ta kwana ita kaɗai. Kafin addu'ar Laraba kowa ya ji cewa malamin gona ya kama igiya ya kuma musa a gaban ikilisiya. Nas ta tsaya a bayana da ƙarfinta duka, fiye ma da yadda nake so. Maigidana kuma ya sami nasa gwarzo, wani tsohon sajan 'yan sanda da ya yi ritaya ya zauna a Bodinga, dattijon ikilisiya, ƙato mai tumbi da murya kamar ganga. Kowa Baba Saja yake ce masa.

Baba Saja ya ce shi ya yi shekaru yana kama mutane, bai taɓa ganin ɓarawon da ya kama kansa ba. Ana kama mutum ne, ko yana so ko ba ya so, kuma haka alherin Allah yake cafke mai zunubi. Nas ta ce ita ma ta yi shekaru tana karɓar haihuwa, kuma in mace ta ƙi yin nishi, ko addu'ar wa aka kawo sai an sha wuya. Baba Saja ya ce ai maganar uwa take yi, shi jaririn wa ya taɓa neman shawararsa kafin a haife shi? Nas ta ce jaririn da ya ƙi juyowa da kai, ita ta san irin taurin ransa. Wani ɗan sanda ya ce shi ya taɓa ganin ɓarawo ya kawo kansa ofis. Baba Saja ya dube shi har yaron ya ce wataƙila ba ɓarawo ba ne.

A gida kuwa sai abin ya koma kan abinci. Wata rana na gama tuwo na rufe, na zauna ina tsefe wa 'yata kai, ban kira shi ba. Da ya gaji da jira ya leƙo, na ce masa in an ƙaddara zai ci, tuwo zai same shi inda yake zaune. Ya koma ya zauna da taurin kansa. Ba a daɗe ba sai ga sallama, matar maƙwabcinmu, wani malamin allo da muke zaman mutunci da su, ta aiko da kwanon dambu mai zafi. Maigidana ya karɓa da hannu biyu, ya zauna daidai inda zan gan shi, ya cinye tas yana lumshe ido.  Washegari na ajiye masa tuwo a gabansa, na ce to bismilla, ya ci ba tare da ya ɗaga ko ɗan yatsa ba. Ya dubi tuwon, ya dube ni, ya je ya ɗauko cokali, wai cokali ba yatsa ba ne.

Yara suka ga hanya ta buɗe. 'Yarmu ta ƙi yin shara, da na tambaye ta sai ta ce ba a ƙaddara tsakar gida za ta sharu yau ba. Ƙanenta ya tsame naman miya, da ubansa ya kama shi sai ya ce Mama ta ce Allah ya ba kowa 'yancin zaɓi. Wannan yammacin ne kaɗai a duk tsawon gardamar ni da maigidana muka yi magana da baki ɗaya.

Ba na so a ɗauka duk wasa ne a wurinmu. Ina da ƙane a gida da ya bar zuwa majami'a, ya kama shaye-shaye, kullum ina masa addu'a ina kiransa a waya ina lallashi. In an riga an rufe lissafin zaɓaɓɓu ba da shi ba, to lallashin me nake yi? Abin da ke ci mini rai ke nan. Shi kuma maigidana mutum ne mai yawan shakkar kansa. Ya taɓa gaya mini cewa in cetonsa ya rataya ne a kan ƙarfin riƙonsa, to ya san hannunsa, da tuni ya saki. Tunanin cewa riƙe shi aka yi ne yake ba shi barci. Kowannenmu ya san ciwon ɗan'uwansa, amma a kan igiya muke faɗa, domin ita ta fi sauƙin faɗa a kai.

Baba Fasto ya yi iya ƙoƙarinsa ya kauce. Ya yi wa'azi a kan haƙuri, kowane ɓangare ya fito yana cewa da wancan yake. Ya karanta nassin da ke maganar zaɓin Allah, Baba Saja ya yi gyaran murya. Ya karanta wanda ke kiran kowa ya zo, Nas ta gyara ɗaurin ɗankwali. Da aka fara binsa gida ana hana shi barcin rana, sai ya tara mu mu huɗu, ya ce manyan malamai sun yi ta wannan gardama tun kafin kakanninmu, ba a Bodinga za a gama ta ba. Amma maganar igiya ƙarama ce. Waɗanda suka fitar da mutumin suna nan da ransu, mu je mu tambaye su mu bar shi ya huta.

Ran Asabar muka shiga tsohuwar motar Baba Saja, ni da Nas a baya, maza a gaba. Muka ɗauki hanyar Shagari, muka ratse zuwa Dandin Mahe. Da 'yan'uwan nan biyu suka ga mota, ga malamin gona, ga ƙaton mutum mai tafiyar 'yan sanda, ga mata biyu sun ɗaure fuska, sai suka ɗauka ƙara aka kawo. Wan dattijo ne mai farin gemu, yana koyar da karatun allo a zauren gidansa. Ƙanen shi ne mai kula da lambu. Suka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura, aka yi ta gaisuwa. An tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi Bodinga da mutanenta, an koma an sake tambayar gajiya. Sai da Baba Saja ya rantse musu cewa ba shari'a ta kawo mu ba suka saki jiki. Da ya faɗi tambayar, suka dubi juna, suka nemi ya maimaita.

Ƙanen ne ya fara amsawa.

"Ranka shi daɗe, malam kam ya kama igiya. Ni na jeha mai ita, da idona na gani."

Nas ta taɓa ni da gwiwar hannu. Amma wan ya girgiza kai.

"Bai kama komi ba. Zarge munka yi, munka saƙala mai ga hammata, munka ja. Wanga bawan Allah kuwwa kawai ya yi ta yi."

Baba Saja ya buɗe baki zai yi murna, sai muka ga 'yan'uwan sun manta da mu sun fuskanci juna. Ashe su ma tun ranar ba su huta ba, sai dai tasu gardamar a kan faɗawar ce, ba fitowar ba. Wan ya ce sau nawa ya gaya wa ƙanensa ya kewaye bakin rijiyar nan da itace, sakaci ne ya jefa baƙo a ruwa, kuma Allah zai tambayi mutum a kan sakacinsa. Ƙanen ya ce abin da aka rubuta ba ya kankaruwa, ko da katanga aka yi wa rijiyar, mutumin da ke tafiya da baya sai ya sami inda zai faɗa. Muka zauna da ƙoƙon fura a hannu muna kallo. Wanda ya ba ni gaskiya a kan igiya, a kan ƙaddara ra'ayin maigidana gare shi. Wanda ya ba maigidana gaskiya kuwa, maganata yake yi. Nas ta raɗa mini cewa ita ta rasa wanda za ta gyaɗa wa kai.

Baba Saja ya tsawatar, ya ce a aikinsu in shaidu suka saɓa, wurin da abu ya faru ake zuwa. Muka ɗunguma zuwa lambu, manoman da ke ban ruwa kusa suka ajiye aiki suka biyo mu. Ya zagaya rijiyar, ya leƙa, ya sa aka kawo igiyar ya shinshina. Sa'an nan ya ce hanya ɗaya ce za a gane ko ana iya fitar da mutum ba tare da ya kama ba, shi ne a gwada. Maigidana ya ce shi ya riga ya yi nasa. Baba Saja ya ce ai ba shi yake nufi ba. Ya tuɓe riga da hula ya miƙa mini, ya rage daga shi sai singileti da wando. Aka yi masa zarge a hammata, aka zura shi a hankali har ya dira.

Daga ƙasa ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ce kowa ya shaida bai kama kome ba, a ja.

Aka ja. 'Yan'uwan biyu, da maigidana, da wasu manoma, duk suka jingina da baya suna nishi. Baba Saja bai motsa ba. Ba wanda ya yi lissafin cewa ya yi maigidana biyu a nauyi, laka kuma ta riga ta shanye shi har gwiwa. Da aka sake ja, zargen ya zame sama ya kwashe singiletin ya rufe masa fuska. Ta cikin singiletin muka ji yana cewa a ci gaba, har yanzu bai kama ba.

 Can muka ji ya tambaya da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba, ko akwai wani abu mai rai a cikin rijiyar nan. Ƙanen ya ce ba kome, tarwaɗa ce ya saka don ta cinye ƙwari. Amma amsar ba ta kai ƙasa da wuri ba. Abin ya sake gogar cinyarsa, Baba Saja ya yi tsalle irin na wanda ƙafarsa ke ɗaure, ya cafke igiyar da hannu biyu, ya haɗa da haƙori.

Nas ta durƙusa a bakin rijiya, ta leƙa cikin ladabi.

"Baba Saja, mene ne wannan a hannunka?"

Ya saki haƙorin kawai, ya bar hannuwan.

"'Yata, ku fitar da ni tukuna. Ma yi tauhidi a sama."

Abin haushi a gare mu mata shi ne, duk da ya kama, ko taki ɗaya bai tashi ba. Aka ja har igiya ta fara kuka. Maigidana yana ja yana waiwayo ni yana cewa in duba da kyau, ga mutum ya kama iyakar kamawa, ina amfanin kamun? Ƙarshe sai aka tare wani mai raƙumi da ya zo ɗaukar albasa, aka roƙe shi. Aka ɗaura igiyar a sirdi. Raƙumin ya yi gaba yana tuƙa abin da ke bakinsa, ko waiwaye bai yi ba, Baba Saja ya fito daga laka da wata ƙara kamar an buɗe tulu. Wandonsa bai biyo shi ba. Ni da Nas muka juya muna duba lafiyar albasa.

Wan ya aika gida aka kawo babbar rigar nan da maigidana ya riga ya wanke ya mayar. Ta zauna wa Baba Saja daidai kamar don shi aka ɗinka. Da muka zo tafiya, dattijon ya raka mu har bakin mota, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, sa'an nan ya tambayi maigidana cikin girmamawa ko akwai sauran mutanen Bodinga da ke da niyyar zuwa su shiga rijiyar, don ya san shirin da zai yi, rigar ke nan guda ɗaya.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Nas ce ta fara cewa ita dai ta ga kamu. Maigidana ya ce shi kuma ya ga raƙumi. Baba Saja ya ce duk wanda ya kai labarin wando majami'a, shi da shi ne.

Muka kai wa Baba Fasto rahoto, kowa yana katse ɗan'uwansa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko an ba mai raƙumin wani abu na godiya. Ba wanda ya tuna. Ya ce to ran Lahadi a tara masa goro, malamin gona ya kai. Game da gardamar kuwa, ya ce tunda yanzu kowane ɓangare ya sami hujja daga rijiya ɗaya, yana ganin an yi adalci, zai shiga ya kwanta.

Daga baya maigidana ya kawo labari cewa 'yan'uwan sun kewaye rijiyar da itace da ƙaya. Ƙanen ya ce an ƙaddara za a kewaye ta ne, wan ya ce shi ya saro itacen. Mu ma a gida abin ya lafa da kansa. Bai canja ra'ayi ba, ban canja ba. Na ci gaba da kiran ƙanena a waya, wani lokaci maigidana ya karɓi wayar ya yi masa nasiha mai tsawo, har da cewa ya yi tunani ya dawo. 

Baba Saja kuwa sanyin ruwan nan ya kwantar da shi, zazzaɓi da mura suka rufe shi. Na dama kunu na kai masa asibiti, na tarar da matarsa zaune a gefen gado, Nas kuma tsaye tana zuƙar magani a sirinji. Ashe mutumin da ya yi shekaru yana bin 'yan fashi tsoron allura yake ji. Ya manne da bango yana kallon tsinin. Duk da haka bai fasa gardama ba, ya dubi Nas.

"Kin gani ko, 'yata? Magani zai shiga jikina ya warkar da ni, ba da son raina ba."

"To wa ya kawo ka asibiti, Baba?" in ji Nas.

"Matata."

Matar ta ce gaskiya ne, da ƙyar ta jawo shi, har sai da ta kira maƙwabta. Nas ta tsaya da sirinji a hannu tana tunani. Sai ta ɗaga kafaɗa, ta jiƙa auduga.

"Juya, Baba."

Ya dubi matarsa, ya dube ni, ya ja dogon numfashi, ya juya.